Tambayoyinku kan waya: likitocin guruf ɗin masu jego

Maman Hanif, Pantami: Malam, tunda aka sa ni a guruf ɗin masu jego na WhatsApp datata ba ta kwana biyu.

Bidiyoyin da ake turowa ne ke sauka da kansu. Ki shiga Storage and data a cikin saitin WhatsApp ki kashe musu sauka ta data, shi ke nan.

Wata mai jego daga Kumo: An turo mana voice na wata likita ta ce a ba ɗan wata 3 koko da zuma da wani sirop don ya yi ɓul-ɓul. Nawa ba shi da kumatu, in gwada?

Haba ƙanwata! Wace likita, a wane asibiti? Duba saman saƙon nan, in kin ga kibiya biyu to ya zaga hannu da yawa, WhatsApp ɗin da kansa yana faɗa miki ba a san mafarinsa ba, amma ku da kun ji murya mai sanyi ta ce "a matsayina na ma'aikaciyar lafiya" an gama da ku. Yanzu ma da AI ana kwaikwayon muryar kowa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi, bayan nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Zuma kuwa haramun ɗin likitoci ce kafin shekara 1. Sirop ɗin nan ina zargin ɗan gidan su sha-ka-fashe ne, kumburi zai sa yaro ana ta masha Allah, kuma ita kanta ƙibar da ta wuce kima a yarinta tana iya bin mutum har girma ta jawo ciwon suga. Kumatu ba ma'auni ba ne, ma'aunin na cikin katin awon da kika cusa a jakar zannuwa. Ni abin da nake ce wa kowa, ki ɗauki hoton katin nan duk ranar awo, ki kunna wa nas voice ɗin ta ji da kunnenta kafin ki sa wa yaro komai a baki.

Baban Ilham, Jekadafari: 'Yata mai wata 10 ba ta cin abinci sai an kunna mata katun. Wace manhaja ta fi?

Babu. Ƙasa da shekara 1 ba a ba yaro kallon waya sam, kuma mai kallo bai san ya ƙoshi ba. Alhaji, ajiye wayar ka riƙe cokali.