Sakamakon gwajina ya saɓa wa littafi, in gyara lambobin?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce 'yar shekarar farko a jami'a, daga Aboabo a nan Kumasi. Mun gwada yadda zafi ke shafar saurin aikin amilas, sinadarin da ke narkar da sitaci. A digiri 40 sai bayan sakan 150 ruwan aidin ya daina yin shuɗi, alamar sitacin ya ƙare, amma a digiri 50 sakan 90 kacal ya ɗauka. Littafi kuwa ya ce a 37 ne aiki ya fi sauri. Ranar Litinin za a karɓi rahoto, barci ya ƙaurace min. Ƙawayena sun ce in juya lambobin, ko in sayi tsohon rahoto wajen mai fotokwafi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, ban ga alamar gwajinki ya lalace ba. Kafin ki ɗauki biro, koma ɗakin gwaji ki karanta abin da ke jikin kwalbar amilas ɗin da aka ba ku. Na miyau ne, ko garin da ake sayowa?

Wannan 37 ɗin ta gajiyar da ni. Duk shekara ɗalibai na zuwa da ita a kai kamar dokar da ta hau kan kowane enzayim, wato sinadarai irin su amilas da ke hanzarta aiki a jikin halitta. Zafin jikin ɗan Adam ce, shi ya sa amilas na miyau ya fi ƙarfi kusa da ita. Amma garin amilas da makarantu ke saye sau da yawa daga naman gwari ko bakteriya ake samo shi. Wanda ake samu daga naman gwarin da ake kira Aspergillus oryzae ya fi kuzari a wajen digiri 50 zuwa 55, na wasu bakteriya ma yana aiki a sama da 80. Enzayim ɗin da ake gwajin PCR da shi, irin gwajin korona da cibiyar bincike ta KCCR a nan Kumasi da ta Noguchi a Accra suka yi ta yi a 2020, asalinsa daga bakteriyar maɓuɓɓugar ruwan zafi ne a Yellowstone ta Amurka, a digiri 72 kuma ake sa shi aiki. Ina 37 a nan?

Ko da na miyau ne, akwai wani bayanin. Zafi abu biyu yake yi: yana ƙara sauri, kusan ninki biyu ga kowane ƙarin digiri 10, yana kuma lalata siffar enzayim, amma lalacewar na ɗaukar lokaci. Idan ba ku bar sitacin da amilas ɗin sun zauna a ruwan zafin da ake ɗumama kwalaben, kowanne a kwalbarsa, na kamar minti biyar kafin ku haɗa ba, to amilas na iya gama aikinsa kafin zafin ya ci masa. Wataƙila ma abin da ke cikin kwalbar bai taɓa kai 50 ba, ruwan wajen ne kawai ya kai.

Su kuwa masu sayar da tsohon rahoto, Allah ya shirye su. Na sha karɓar rahotanni goma masu lambobi iri ɗaya, har da kuskuren lissafi iri ɗaya, wani ma an rubuta zafin ɗaki digiri 20, a Kumasi, a watan Maris! Ramin ƙarya ƙurarre ne, malamin da ya daɗe yana duba takardu da kallo ɗaya yake gane lambar da aka ƙirƙira, don kyanta ya wuce kima. Abin da ya fi ɗaga min hankali ba maki ba ne. Ke da ƙawayenki ne gobe za ku zauna a ɗakin gwaji na asibiti, jinin uwar wani a gabanku. Hannun da ya saba gyara lamba don ta yi daidai da littafi, shi ne zai gyara sakamakon sukari ko na zazzaɓin cizon sauro ranar da na'ura ta ba da abin da ba a zata ba. Ma'auni amana ne, 'yata.

To ga rubutun. Gabatarwa gajera, da hasashenki. Hanya kuma ki faɗi abin da kuka yi da gaske, da asalin amilas ɗin, da ƙarfin ruwan sitacin, da tazarar sakan nawa kuke ɗiga samfur a kan aidin. A jadawali kada ki tsaya ga lokaci, domin lokaci ba shi ne sauri ba. Raba 1 da lokacin: 150 zai ba ki 0.0067 a sakan, 90 kuma 0.011. Wannan za ki ɗora a layin tsaye na zanen, zafi a layin kwance, kowanne da ma'auninsa. In sau uku kuka maimaita, nuna ukun sannan matsakaicinsu. In sau ɗaya ne, faɗi hakan a fili.

Sashen tattaunawa shi ne inda za ki baje. Rubuta cewa 50 ta fi 40 sauri, kawo dalilan da na ambata, ki nuna wanne ya fi dacewa da abin da ya faru a teburinku. Sai ki ba da shawarar a sake gwajin a 45 da 55 da 65, da ma'aunin zafi a cikin kwalbar kanta.