Amsa kan mayar da birkin baya na tsohuwar Hilux daga diram zuwa dis

Assalamu alaikum. Malam, ka ce tsohuwar Hilux ɗin da kake dakon hatsi da ita tsakanin Gombe da ƙauyukan Kaltungo birkinta ya rage kamu, musamman idan ta ratsa ruwa, kuma an ba ka shawarar a cire diram ɗin baya, wato birkin da ke kamawa a cikin rufaffen ƙoƙon ƙarfe, a sa dis, mai kama faifan ƙarfe a fili, irin na gaba. Na daɗe ina tuƙa irin waɗannan motoci, ina kuma tsayawa a kansu wajen gyara, kuma shawarata ita ce ka dakata da wannan aikin.

Duk lokacin da aka taka birki, nauyin mota gaba yake komawa, saboda haka tayoyin gaba ne ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin tsayarwa, har fiye da haka idan bodin ba kaya. Wanda ya kashe kuɗi mai yawa a baya alhali fad ɗin gaba, wato abin da ke matse dis, ya cinye, ko man birkinsa ya tsufa ya sha danshi, ba zai ga bambancin da yake nema ba. Man birki ana son a sauya shi duk shekara 2, amma da yawa a cikinmu ƙari kawai muke yi.

Kokenka game da ruwa gaskiya ne. Diram rufaffe ne, ruwa da yashi da baƙar lakar nan ta yankin kogin Gongola idan sun shiga ba sa saurin fita, shi kuwa dis a buɗe yake, yana watsar da su, yana kuma saurin hucewa. Sai dai wannan yana da magani mai sauƙi. Da zarar ka fito daga ruwa, ka tafi a giya ta ɗaya kana ɗan danna birki har ka ji ya dawo da kamu, sannan idan damina ta wuce a buɗe diram ɗin a wanke, a duba ko silindar taya, mai tura birkin da ƙarfin mai, tana yoyo, ko man aksil ya tsiyayo ya jiƙa shu, wato abin da ke goga cikin diram ya tsayar da taya. Shu ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa, sauya shi ake yi.

Akwai kuma abin da kusan kowa ke mantawa da shi. A ƙarƙashin bodin, sama da aksil na baya, akwai wani bawul mai dogon ƙarfe wanda ke auna yadda kaya suka danne mota, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi ko ya rage. Mu masu dako mun saba ƙara wa sifirin ganye domin ya ɗauki buhuna, sai bayan motar ya ɗaga, bawul ɗin ya ci gaba da aiki kamar babu kaya alhali an cika ta maƙil. Na sha ganin motar da aka ce diram ɗinta ya mutu, aka saita wannan ƙarfen kawai ta dawo daidai.

Babban abin da nake ji maka tsoro shi ne birkin hannu. A Hilux, cikin diram ɗin baya yake kamawa, idan aka cire shi an tafi da shi ke nan, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa da lodi a hawan dutsen Tula da ke yankin Kaltungo ya san ba abin wasa ba ne. Kamfanin Land Rover ya mayar da birkin bayan motarsa Defender dis wajen shekarar 1994, amma birkin hannunta dama wani diram ne daban a bayan giyabos. Land Cruiser 80 mai dis a baya kuwa an ɓoye mata ƙaramin diram a cikin dis ɗin saboda wannan aikin. Su kamfanonin sun yi lissafin masta, wato babbar silindar da ke tura man birki, da bawul tare da dis ɗin. Mai walda da zai yanka ƙarfe ya ɗaura kalifa, wato maƙalin da ke matse dis, bai yi wannan lissafin ba, kuma idan ƙarfin baya ya yi yawa, tayoyin baya ne za su riga kullewa a kan tsakuwa, motar ta juya da kai da mutanen da ka ɗauka.

Idan dai kullum cikin taɓo aikinka yake har ka ga dole sai dis, to a nemo aksil sukutum wanda ya zo da shi daga kamfani, da masta da wayar birkin hannunsa. In ba haka ba, ka fara da sabon shu mai kyau, da silinda, da sabon mai, a fitar da iska, a saita bawul, sannan ka gwada ta da kaya a filin da ba mutane kafin ka hau hanya.