Me Ya Sa Shugabannin Indiya da Japan Ba Sa Gajiya da Ziyartar Juna?

Tambaya: Malam, ina yawan jin cewa Firaministan Indiya ya tafi Tokyo, ko na Japan ya sauka a Delhi. Ƙasashen nan ba maƙwabta ba ne, harshensu ba ɗaya ba. Me ya haɗa kifi da kaska? Kuma ziyarar tana tsinana wa jama'arsu wani abu, ko ɗaukar hoto ne kawai?

Amsa: Ba hoto ba ne kawai, ko da yake hoton ma yana da nasa aikin. Tun 2006, lokacin da Firaministan Indiya na wancan lokaci, Manmohan Singh, ya je Tokyo, ƙasashen biyu suka amince shugabanninsu su riƙa ganawa kowace shekara, bana a nan, baɗi a can. Amfanin wannan tsari shi ne yana hana ma'aikatu barci. Idan an san shugaba na tafe, dole a kammala yarjejeniyar da za a sa wa hannu kafin jirginsa ya sauka.

Abin da ya sauƙaƙa musu zumunci shi ne babu tsohuwar gaba a tsakaninsu. Japan ta bar tabo a zukatan mutanen Sin da Koriya saboda mamayar da ta yi musu, amma Indiya ba ta ɗauki irin wannan ƙullin ba. A shari'ar da aka yi wa shugabannin Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, alƙalin Indiya Radhabinod Pal ya saɓa wa sauran alƙalai a 1948, ya nemi a sallami waɗanda ake tuhuma. A 1949 Firaministan Indiya Nehru ya aika wa yaran Tokyo kyautar giwa mai sunan 'yarsa, Indira, domin an kashe giwayen gidan namun dajin Ueno a lokacin yaƙi. Sannan Indiya ta ƙi halartar taron San Francisco na 1951, ta ƙulla tata yarjejeniyar zaman lafiya da Japan a 1952, ta kuma yafe diyyar yaƙi. Japanawa ba su manta ba. Bayan Firaministan Japan Kishi Nobusuke ya ziyarci Delhi a 1957, Indiya ce ƙasar farko da Japan ta ba rancen raya ƙasa da kuɗinta na yen, a 1958.

Daga nan Yaƙin Cacar Baka ya raba musu hanya: Japan tana bayan Amurka, Indiya ta fi kusa da Tarayyar Sobiyet. Da Indiya ta gwada makamin nukiliya a 1998, Japan, wadda ta ɗanɗani bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, ta dakatar da sabon tallafi. Ziyarar Firaministan Japan Mori Yoshiro zuwa Indiya a 2000 ce ta fara ɗinke ɓarakar.

Wanda ya fi kowa ɗaga dangantakar shi ne tsohon Firaministan Japan Abe Shinzo, jikan Kishi ɗin nan. Ya yi wa majalisar dokokin Indiya jawabi a 2007, ya zama babban baƙo a bikin Ranar Jamhuriya a 2014, Firaministan Indiya Narendra Modi ya kai shi bakin kogin Ganges a Varanasi a 2015, shi kuma ya sauki Modi a gidan hutunsa da ke Yamanashi a 2018. Da aka kashe Abe a 2022, Indiya ta yi makokin kwana ɗaya. Sai dai kada a yaudari kai, ba ƙauna ce kaɗai ke tura su ba. Dukkansu suna fargabar ƙarfin Sin, Indiya a kan iyakarta ta tsaunukan Himalaya, Japan a teku. Shi ya sa suke cikin ƙawancen Quad tare da Amurka da Ostareliya, kodayake a sanarwar bayan taro da wuya ka ga an ambaci Sin da suna.

To me talaka ya samu? Jirgin ƙasan cikin birnin Delhi, wanda ya fara aiki a 2002, rancen Japan ne ƙashin bayansa, kuma miliyoyin mutane ke hawansa kullum. Motar Maruti Suzuki, da ta fito a 1983 da haɗin gwiwar kamfanin Suzuki na Japan, ita ce motar farko ta gidaje da yawa a Indiya. Akwai kuma layin jirgi mai gudun tsiya daga Mumbai zuwa Ahmedabad, kilomita 508, da rancen Japan mai ruwan kashi 0.1 cikin ɗari na shekara 50. An aza harsashinsa a 2017, amma rigimar karɓar filaye ta ja shi ya wuce lokacin da aka ɗiba masa.

Inda nake ganin rauni shi ne tsakanin jama'a da jama'a. Cinikin Indiya da Sin, abokiyar hamayyarta, ya ninka wanda take yi da Japan sau da yawa. Indiyawan da ke zaune a Japan dubbai goma-goma ne kawai, da yawansu masu aikin kwamfuta a unguwar Nishi-Kasai ta Tokyo, alhali a ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha miliyoyi ne. Harshen Japananci shi ne babban shinge. Shugabannin sun gane haka, don kuwa a ziyarar Modi ta Agustan 2025 an sa burin musayar mutum 500,000 cikin shekara biyar, har da ƙwararrun ma'aikatan Indiya 50,000. Japan tana tsufa tana neman hannuwan aiki, Indiya kuma matasa sun yi mata yawa, aikin yi bai ishe su ba.