Maganin ido mai aiki da haske: amsa ga Yayana na Kano

Yaya, saƙonka ya same ni ina cikin jirgin ƙasa, ina komawa gida daga aiki. Ka ce ka ji an gano maganin hawan jinin ido a Amurka wanda sai an haska masa fitila yake aiki, kana tambaya me ya hana ni aiko wa Inna. Wallahi da yana kanti, da tuni yana hannunka, ko da kuɗin haya zan taɓa.

Labarin yana da tushe. Akwai wata iska da jikin ɗan Adam ke haɗawa da kansa, naitirik oksaid, ita ke sa jijiyoyin jini su saki. Gano wannan aiki nata ne ya sa aka ba mutum uku, Furchgott da Ignarro da Murad, kyautar Nobel a 1998. To a cikin ido akwai ruwan da kullum yake tsattsafowa, yana fita ta wata 'yar rariya a gefen baƙin ido. In rariyar ta ƙi jan ruwa sai ya taru, ya danne jijiyar gani, ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Iskar nan tana sassauta rariyar, sai dai ba ta jimawa, daƙiƙu kaɗan ta watse. Shi ya sa masu bincike suke ɗaure ta a jikin wani sinadarin da ba ya sakinta sai haske ya taɓa shi. Tun da haske yana ratsa ido har ciki, likita zai iya zaɓar inda za ta fita da lokacin da za ta fita. Dabarar ta burge ni ƙwarai, amma har yanzu tana ɗakin gwaji. Duk wanda ya tallata maka ita a Facebook, kuɗinka yake so.

Wanda ya iso hannun jama'a shi ne maganin ɗigawa mai suna Vyzulta, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017. Yana sakin iskar ba tare da haske ba, amma da tsada. Yawancin mutanenmu latanoprost suke ɗigawa, shi kuwa akwai shi a Kano.

Ka kuma yi mamakin yadda muke zaryar asibiti alhali idonmu garau. Mu ma da haka muka zo Bronx, a birnin New York, da mu 'yan Najeriya, da 'yan Nijar, da 'yan zangon Kumasi da Akara: sai ido ya yi ja ko ya yi ciwo ake neman likita. Abin da ya sauya mu wani dattijo ne direban tasi da muke sallah sahu ɗaya. Ya fara gogar motocin da ke gefensa, ana ta cewa gajiya ce. Ranar da na miƙa masa shayi ta hagunsa, kofin na dab da kafaɗarsa bai gani ba, jikina ya yi sanyi. Ciwon nan daga gefe yake fara cin gani, ba zafi, ba ƙaiƙayi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ya fi kama baƙar fata, ya kuma fi saurin kama mu da ƙuruciya.

Yanzu bayan Juma'a za ka ji ana tambayar tsofaffi, "Alhaji, nawa lambar ta nuna?" Ƙarfin ruwan ido ake nufi, wanda a yawancin masu lafiya yake tsakanin 10 da 21. Mun kuma daina ɓoye shi, don yana bin jini. Wanda aka gano yana da shi, a daren zai kira 'yan uwansa na ciki ɗaya, har na gida, ya ce su je a duba su. Na san a Kano wani zai ce tonon asiri ne. Ni na ɗauke shi zumunci.

Azumi ne ya fi ba mu wahala. Mutane kan ajiye kwalbar wata guda cur, don suna jin ɗacin maganin a maƙogwaro, malamai kuma sun saɓa a kan hukuncinsa. Sai muka samu sauƙi: latanoprost sau ɗaya ake ɗigawa, da dare. Bayan Asham mutum ya ɗiga, ya rufe ido, ya danne kusurwar idon da ke kusa da hanci da yatsa minti ɗaya ko biyu, don kada ya gangara. Mai ɗigawa safe da yamma kuma ya nemi likita ya daidaita masa da sahur da buɗa-baki.

Don Allah, Yaya, ka kai Inna asibitin ido na ECWA a makon nan, a auna mata ƙarfin idon, a duba jijiyar. Kai ma ka zauna a kujerar kafin ku fito, ka haura hamsin. Ka turo mini lambobin ku biyun, kuɗin mota da na magani suna wuyana.