Za a iya amfana da koyarwar Buddha ba tare da shiga addininsa ba?

Ɗan'uwa, ka ce kana da shago a kasuwar Dole, saurin fushi na damun ka, kuma ka ji ana maganar dabarun Buddha amma kana tsoron su taɓa maka aƙida.

Siddhartha Gautama, wato Buddha, wanda aka haifa a Lumbini ta ƙasar Nepal ta yau, ya koyar da cewa kwaɗayi da manne wa abin da ba ya ɗorewa su ne tushen damuwa. A 1979, Jon Kabat-Zinn na Jami'ar Massachusetts a Amurka ya ɗauki horon nutsuwa daga koyarwar Buddha, ya bar ibadar, ya mai da shi shirin mako 8 don marasa lafiya. Wannan ɓangaren nake nufi, ban da rusuna wa gunki ko imani da sake haihuwar mutum bayan mutuwa. Waɗannan ka tambayi malaminka.

Akwai misalin Buddha na kibiya biyu. Famfo ya ƙafe, ɗan ga-ruwa ya ƙara kuɗin jarka: kibiya ta farko ke nan, kowa a Damagaram ya san ta. Ta biyu kai ke harbin kanka da ita, ka wuni kana ƙunƙuni, ka koma gida ka sauke wa uwargida.

To idan mai saye ya taya maka kaya da farashin raini, kafin ka buɗe baki ka lura da zafin da ya taso a ƙirjinka, ka ja numfashi a hankali, sannan ka ce albarka. Farkon yi zai zo da wuya, musamman cikin zafin Afrilu. Da safe kafin ka buɗe shago, zauna minti 5 kana bin numfashinka. Hankali zai gudu wajen bashi, ka dawo da shi.