Makonnin farko na ɗalibi a Granada

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin karatu a Granada ta Sifaniya, kana tambayar abin da za ka tarar da farko. Na taya ka murna ƙwarai.

Kunne ne zai fara ba ka wahala. Mutanen Andalus, yankin da Granada take, suna haɗiye "s" ta ƙarshen kalma, ga sauri, sai ka ji kamar ba Sifaniyancin da ka koya ba. Ni sai da na kusa wata guda kafin kunnena ya buɗe. Kada ka karaya.

Takardu kuwa, kada ka yi musu sanyin jiki: ka yi rajistar adireshinka a ofishin gari, sannan ka nemi katin zama, TIE, cikin wata ɗaya da shigowarka.

Abincin rana sai wajen ƙarfe 2, na dare 9. Naman alade na shiga har cikin dafaffen wake, don haka ka haddace "¿Lleva cerdo?", wato "Akwai naman alade a ciki?", tun daga gida. Ranar Juma'a ka hau Albaicín, tsohuwar unguwar da ke kan tudu, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, yana kallon Alhambra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi. A can za ka ji inda ake sayar da naman halal.

Ka taho da rigar sanyi mai kauri.