Hoto ya fito, sauti shiru: ina muryar da ke cikin kaset ta maƙale?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana kaset-kaset na Hi8 guda goma sha ɗaya, da kyamarar Sony da ya ɗauke su da ita. Na sayi 'yar na'urar nan da ake soka wa kwamfuta ta USB don in mayar da su fayil. Hoto ya fito tas, amma babu sauti ko kaɗan. Ina ganin bakinsa yana motsi, ba na jin komai. Shin tsufa ne ya cinye muryar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ki kwantar da hankalinki, domin yadda kika ce hoton ya fito tas, kusan ina da tabbacin muryar tana nan daram a kan kaset ɗin.

Ga dalilina. Kaset mai faɗin milimita 8, wato Video8 da Sony ta fitar a 1985 da ƙanensa Hi8 na 1989, ba ya ware wa sauti layi na daban a gefe. Kawunan nan da ke juyawa a jikin gangar kyamara su ne suke rubuta hoto da sauti tare, a kan layuka guda da suka ratsa kaset ɗin a karkace. Abin da zai goge sauti sai ya ɓata hoto. Sai dai idan makirufon ne bai yi aiki ba tun ranar ɗauka, kuma da wuya hakan ta faru a kaset goma sha ɗaya a jere. Saboda haka muryar a hanya ta ɓace, tsakanin kyamara da fayil, kuma hanyar za mu bi.

Ki fara da kyamarar ita kaɗai. Cire duk wayoyin, sa kaset, ƙara ƙarar sauti. Ki buɗe allon gefe, domin yawancin kyamarorin Sony suna kashe lasifikarsu idan allon yana rufe. In tana da ramin abin sauraro na kunne, soka ki ji, ko ki haɗa ta kai tsaye da talabijin. Da zarar kin ji muryarsa a nan, kaset da kyamara sun fita daga zargi.

Yanzu ki dubi wayar da kika haɗa. Inda aka fi yin tuntuɓe ke nan. Yawancin kyamarorin Hi8 suna da rami zagayayye na fitar da hoto mai suna S-Video, kuma duk wanda ya ce miki ki yi amfani da shi ya ba ki shawara mai kyau, don hotonsa ya fi na wayar hoto ta yau da kullum, mai baki ruwan ɗorawa, tsafta. Amma ki leƙa bakin wayar: allurai huɗu ne, biyu na haske, biyu na launi. Babu ko ɗaya na sauti. Dole ki ƙara da farar waya da ja, farar ta sautin hagu, jar ta dama. Idan kyamarar mai sauti ɗaya ce, wayar sauti guda ɗaya kawai za ki gani, kuma ta isa.

Wasu kyamarorin rami ɗaya tal gare su, na milimita 3.5, sai wayar ta rabu uku a ɗaya bakin. Irin wannan wayar tana da ha'inci. Kamfanoni ba su yi ittifaƙi a kan wane zobe ne na hoto, wane ne na sauti ba, sai ki sayi wadda ta shige daidai amma cikinta a juye. Alamar ita ce ƙugi mai kaushi a lasifika maimakon magana: hoto ne ya shiga ramin sauti. Ki manta da launin, ki riƙa sauya bakunan uku har kowanne ya faɗa inda ya dace. Ki kuma danna filogin ya shige har ƙarshe. Ɗan gibin da bai kai kaurin farce ba yana iya yanke sauti.

In waya lafiya take, saura kwamfuta. Na'urar USB ɗin guda ɗaya ce a hannunki, amma kwamfuta abu biyu take ganinta: mai kawo hoto da mai kawo sauti. Manhajar naɗar bidiyo irin OBS Studio takan ɗauki hoton ta bar sautin a kan makirufon kwamfutar, sai kin zaɓa mata da kanki. Windows kuma tana ɗaukar wannan sautin a matsayin makirufo, don haka idan an hana manhajoji izinin makirufo a saitin sirri, shiru za ki samu. Idonki ya kasance a kan koren ma'aunin sauti da ke cikin OBS. In yana tsalle yayin da mahaifinki yake magana, sautin yana shiga ko da ba kya ji, domin OBS ba ta sako shi a lasifika lokacin naɗa sai an umarce ta. Naɗi minti ɗaya, buɗe shi da manhajar kallon bidiyo ta VLC ki saurara.

Ga masu karatu da kaset ɗinsu ba Hi8 ba ne, lissafin ya ɗan bambanta. Ƙaramin kaset na dijital da ake kira MiniDV yana iya ɗaukar sauti a bit 12, kilohaz 32, da tashoshi huɗu, biyu daga ciki an bar su fanko don ƙarin murya daga baya. Idan AUDIO MIX na cikin saitin kyamarar Sony ya karkata zuwa ST2, fankon ake saurara. A mayar da shi ST1. Ya fi kyau ma a kwashe MiniDV ta wayar FireWire mai haɗa kyamara da kwamfuta kai tsaye, wadda take ɗauko hoto da sauti tare yadda suke. Mai son buga faifan DVD kuma sai ya fara mayar da sautin kilohaz 48. VHS-C, wato ƙaramin kaset ɗin VHS na kyamara, shi yana da siririn layin sauti a gefe, wasu kuma har da sauti mai inganci da ake kira Hi-Fi; in na'urar bidiyo ta nace wa Hi-Fi ɗin da ba ta iya karantawa da kyau, a mayar da ita kan Normal, wato layin gefen.

To, idan fa kyamarar kanta ta yi shiru a duk kaset ɗin, har a talabijin? Sai zargi ya koma kan sashen sautinta. Kyamarorin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 sun yi ƙaurin suna wajen yoyon ƙananan kayan lantarkin cikinsu da ake kira kafasito, kuma gyaran aikin gwani ne. Ya fi sauƙi ki aro wata Hi8, ko kyamarar Sony ta Digital8 da littafinta ya ce tana karanta Hi8, don ba dukansu ke yi ba.

Roƙona ɗaya: duk gwaje-gwajen nan ki yi su da kaset ɗin da ya fi ƙarancin muhimmanci a wurinki. Kaset ɗin da ya shekara wajen talatin, kowane zagaye yana ɗan cinsa. Wanda muryar mahaifinki ta fi yawa a ciki, ki ajiye shi a gefe sai koren ma'aunin nan ya fara motsi.